Zango a Cikin Gamba

Sabitu ɗana ne, kuma shi ne ɗan farina. Na rubuta sunansa a nan domin takarda ba ta da kunya, amma bakina bai taɓa kiran sunan nan ba tun ranar da aka raɗa masa shi, sai sau ɗaya tak. Haka muka gada a Kurfi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Wannan yaron" nake ce masa, da ya zama malamin makaranta a Dutsin-Ma kuma na koma ce masa "Malam". Yaro ne mai kirki. Ba ya ƙarya, ba ya ɗaukar abin wani, salla ba ta wuce shi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba. Duk abin da bai gani a takarda ba, a wurinsa ba ilimi ba ne. In tsoho ya faɗi magana sai ya yi murmushi ya gyara hula, kamar mai sauraron tatsuniya. Na yi faɗa har na gaji, sai da Allah ya aiko masa da malamin da ba a yi wa murmushi.

Shekara biyu ne bayan samun mulkin kai, da kaka, an gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai. Ran wata Juma'a ya iso gida a kan kekensa, baki har kunne. Ya ce wani Bature da ya koyar da shi a Katsina, wanda ɗalibai ke kira Mai Tabarau, ya sami hutu, shi da matarsa suna so su shiga daji kwana biyar su kalli namun dawa. Ba harbi za su yi ba, kallo ne kawai da ɗaukar hoto. Baturen ya ce shi baƙo ne, don haka Sabitu ya zaɓi dajin da za a je da wurin da za a yi zango.

Na ce, "Kallo kawai? Mutum ya bar gadonsa ya tafi daji don ya ga barewa, ya dawo ba ko tsoka ɗaya?"

"Inna, su haka suke hutawa."

"Allah ya kyauta. To kai me ka sani game da daji?"

Sai ya zaro wata taswira daga aljihu ya shimfiɗa mini a kan tabarma. Ya ce duk dajin yana ciki, har da ƙoramu. Na ce ya naɗe abinsa ya hau keke ya tafi Birchi ya kira mini Audi.

Audi ƙanin marigayi mijina ne, maharbi, ya fi shekara talatin yana shiga daji. Bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma in ya ga sawu a ƙasa zai gaya maka dabbar, da lokacin da ta wuce, da ko tana da ciki. Da yake ƙanin miji ne, akwai wasa tsakaninmu. Washegari ya shigo yana cewa, "Ina tsohuwar matata? Har yanzu tuwonki da gudaji?"

Na ce, "Da gudajin ka girma, marar kunya. Zauna ka ji abin da ɗanka ya ɗauko."

Audi ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Dajin Rugu ya yi, shi ne kusa da mu, kuma akwai nama. Lokacin ne bai yi ba. Yanzu gamba ta fi mutum tsawo, ta bushe, ba a ƙone ta ba tukuna. Ruwa kuma yana ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa mashaya ɗaya. Ka ce su dawo bayan wata biyu, in nuna musu gwanki kamar akuyar gida."

"Baffa, hutun gwamnati ba ya jiran gwanki. Yanzu ne ko babu."

"To in ya zama dole, a yi zango a kan fako, gindin dutse, a ƙone ciyawar kewayen kafin a sauke kaya. Wannan wata ne na wuta. Masu neman zuma suna sa wuta, makiyaya suna sawa, masu haƙar gafiya suna sawa. Wanda ya kwanta cikin gamba da kaka, ya kwanta a kan murhu."

Yaron ya yi murmushin nan nasa, ya gyara hula. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Na ce da ni za a tafi. Ya ce ina ni ina daji. Na tuna masa cewa tun yana goye nake bin ubansa zangon maharba ina yi musu bandar nama, kuma ba zan bari ya yi kwana biyar yana cin abincin gwangwani wanda ba a san wanda ya yanka abin da ke ciki ba. Bai so ba, amma bai isa ya hana ni ba.

Ran Litinin muka tashi daga Dutsin-Ma a motar Baturen, mu biyar. Mai Tabarau dogo ne, yana jin Hausa irin ta littafi, yana gaishe ni har da rusunawa. Matarsa, wadda muke kira Uwargida, ƙarama ce mai yawan dariya. Akwatin ɗaukar hotonta kuwa Sabitu ta damƙa wa, ya rataya shi a wuya kamar laya, ko ni bai yarda in taɓa ba. Muka wuce Safana, muka bar hanyar mota, muka shiga ciyawa har ta rufe tagogi.

Wajen la'asar muka iso bakin wata ƙorama. Gaskiya wurin yana da kyau. Ga manyan itatuwan kanya da tsamiya, ga inuwa, ga ruwa kwance cikin yashi, tsuntsaye suna ta kuka. Amma gamba ta kewaye shi ta ko'ina, busasshiya, in iska ta taɓa ta sai ka ji kamar ana sheƙar hatsi. Uwargida ta tafa hannu don murna. Sabitu ya duba taswirarsa ya ce, "Nan ne. Nan na zaɓa tun a gida."

Audi ya ja shi gefe, don kada ya kunyata shi gaban baƙi. Ni ina kusa, na ji kome.

"Ɗana, ga dutse can, ga fako a gindinsa, tafiyar da ba ta fi daga gidanku zuwa kasuwa ba. Mu koma can."

"Can ba inuwa, Baffa. Rana za ta gasa su. Baƙi ne, hutawa suka zo yi."

"To bari in ƙone kewayen nan gobe da sassafe, raɓa na kan ciyawa, iska ba ta tashi ba. Wutar safe ba ta gudu, da ganye ma ana kashe ta."

"A'a. Hayaƙi zai kori namun, toka ta ɓata musu tanti. Kuma ni malamin makaranta ne, ba za a ce na sa wa dajin gwamnati wuta ba."

"Wutar da za ta zo ba ta san kai malami ne ba."

"Baffa, don Allah. Wannan ba zangon maharba ba ne."

Audi ya dube shi, ya ɗauki buzunsa da bindigarsa ya nufi dutsen. Ni ma na ɗauki tukwanena na bi shi. Yaron ya biyo ni yana magana ƙasa-ƙasa, wai zan ba shi kunya. Na ce, "Malam, ni ba na hura wuta a cikin gamba, ko Sarki ne ya ce. In kuna son tuwo ku zo can ku same shi. Kuma ka gaya wa Baturenka, motarsa ce za ta riƙa kawo mini ruwa, ni na tsufa da ɗaukar tulu." Mai Tabarau ya yi dariya ya ce ya yarda. Haka motar ta koma zama a wurinmu, su kuma suka kafa tantinsu biyu a ƙarƙashin kanya.

Da gari ya waye, bayan salla, Audi ya yanko ɗanyen reshen marke ya ba ni, ya riƙe ɗaya. Ya share layi da fartanya kewaye da fakon, ya ƙyasta ashana a gefen da iska za ta turo wutar zuwa dutse. Wutar ta riƙa tafiya a hankali kamar tsohuwa, saboda raɓa. Inda ta so ƙetare layi sai mu buge ta. Kafin rana ta yi zafi mun sami baƙar ƙasa mai faɗin gonar gyaɗa, ba ko tsinke a kanta. Da Sabitu ya zo karin kumallo ya ga ƙafafunmu baƙi ƙirin, sai ya girgiza kai.

"Baffa, ka dai yi abin da ka so."

Audi ya ce, "Ɗakina na share. Naka yana can."

Kwana biyu suna fita da safe su dawo da hantsi, ba su ga kome ba sai kashin gwanki da bayan wani gwaggon biri. Ciyawa ta rufe kome, kamar yadda Audi ya faɗa. Uwargida ta daina dariya. Sabitu kuwa ya riƙa ɗora laifin a kan hayaƙinmu.

Rana ta uku, bayan azahar, su uku suna can cikin tanti suna hutawa. Ni ina tuƙa tuwon dawa, Audi yana kwance a inuwar motar. Sai wani baƙin abu kamar gashin kaza ya sauko cikin tukunyata. Na cire shi da muciya, ya narke. Wani ya sake saukowa. Na ɗaga kai, sai na ga shirwa sun fi ɗari suna shawagi a gabas, fara kuma tana ta wucewa ta kanmu. Duk wanda ya zauna a daji ya san abin da ke tara shirwa haka.

Na ce, "Audi, tashi!"

Ya dubi sama sau ɗaya. Bai tsaya neman takalmi ba. Ya fizgi bargona ya tsoma shi cikin duron ruwa, ya ruga. Na hau dutsen da rarrafe. Daga can na hango wutar. Faɗinta ya fi ƙarfin ido, hayaƙi a sama, ja a ƙasa, iska tana korar ta kai tsaye zuwa ƙoramar. Ƙararta kamar ana fasa dubban kara lokaci ɗaya. Na taɓa ganin gobarar daji, amma ban taɓa ganin ta tana tafiya wurin ɗana ba.

Na sauko na tsaya a bakin baƙar ƙasar, inda ciyawa ta fara. Ina ta salati. Can sai ga su sun ɓullo ta ɗan turbar da suka taka cikin kwana ukun nan. Mai Tabarau a gaba ba tabarau, yana jan matarsa, Audi a bayansu, Sabitu a ƙarshe. Saura kaɗan su iso, sai na ga yaron ya dafa ƙirjinsa ya tsaya. Akwatin hoton ba ya wuyansa. Ya bar shi a tanti. Ya juya da gudu.

Audi ya daka masa tsawa, "Kai! Dawo!" Bai waiwaya ba. Baturen ya kira shi da Turanci, bai waiwaya ba. Ni na san abin da ke ransa. Shi ya zaɓi wurin, shi aka ba amanar akwatin, ba zai iya tsayawa gaban malaminsa hannu wofi ba. Kunya ce take tura shi cikin wuta.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Sabitu!"

Shekara ashirin da bakwai bai taɓa jin sunan nan da muryata ba. Ya tsaya cak, kamar an ja shi da igiya. Ya juyo yana nemana da ido. Cikin wannan tsayuwar wutar ta tsallake ƙoramar ta saman itatuwa, ta faɗa kan tantin. Da ya ƙara taku ashirin, da yana ciki. Harshenta ya biyo turbar, ya kama hannun rigarsa. Sai ga Audi ya faɗa masa da jiƙaƙƙen bargon, ya kayar da shi, ya naɗe, ya jawo shi kamar buhun gero har kan baƙar ƙasa.

Muka taru a gindin dutse, bayan motar. Audi ya ce kowa ya kwanta ya rufe hanci. Wutar ta iso bakin layin da muka share, ta yi ruri, ta lasa nan, ta lasa can, ba ta sami abin ci ba. Sai ta rabu biyu ta kewaye mu. Zafin ya ƙona mana gashin ido, hayaƙi ya sa mu tari har da hawaye, amma ko tartsatsi bai faɗo kanmu ba.

Da hayaƙin ya fara washewa, Uwargida ta kama hannuna ta matse. Na ɗaga kai. A ɗaya gefen baƙar ƙasar, nisan jifa da dutse, ga gwanki uku tsaye, har da ɗan ƙarami yana maƙale da uwarsa, cikinsu yana bugawa don haki. Ga barewa sun fi goma. Ga gursunu, wato aladiyar daji, da 'ya'yanta, wutsiya a tsaye. Zabin daji kuwa har ƙarƙashin motar suka shiga, zomo ɗaya ya laɓe a bayan tukunyata. Abin da aka yi kwana uku ana nema, ga shi ya zo da ƙafarsa. Su ma sun san inda ake zango.

Suna kallonmu, muna kallonsu. Bindigar Audi tana jingine kusa da hannunsa, bai taɓa ta ba. Na ce masa a hankali, "Maharbi, ga nama har gida."

Ya ce, "Ke tsohuwa, ba ki da tsoron Allah? Mu a gidanmu, dabbar da wuta ta koro wurinka baƙuwa ce. Ba a harbin baƙo."

Mai Tabarau ba ya gani sosai ba tabarau, matarsa ce ta riƙa gaya masa abin da ke gabansa, tana magana tana kuka. Namun sun daɗe a nan. Da ƙasa ta huce, gwankin suka fara tafiya, sauran suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tanti biyu sun ƙone, da gadajen baƙin, da tufafinsu, da akwatin hoton, da taswirar. Hannun Sabitu na hagu ya saluɓe daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Audi ya shafa masa zuma ya naɗe da tsumma mai tsabta, kuma da yake motar tana wurinmu, Uwargida ta tuƙa mu, kafin magariba mun fita daga daji, washegari yana asibiti a Katsina.

Kafin mu shiga motar, yaron ya je gaban Baturen zai ba da haƙuri a kan akwatin. Uwargida ce ta tare shi. Mijinta ya fassara mana, wai ta ce akwati ana sayen wani, kuma abin da ta gani yau ba ya shiga akwati. Mai Tabarau ya cire hularsa ya riƙe hannun Audi da hannu biyu, ya ce, "Malam Audi, mun gode." Audi ya waiwayo ya ce mini, "Kin ji? Yau na zama malam, ba allo ba alli."

Sai Sabitu ya durƙusa gaban baffansa a cikin tokar nan, da fararen kayansa na makaranta. Bai yi murmushi ba, kuma ba hular da zai gyara, ta ƙone.

"Baffa, ka yafe mini. Ka faɗa sau uku, ban ji ba."

"Tashi, ɗana. Ubanka ma sai da ɓauna ta kore shi kan itace kafin ya fara jin magana. Gado ne."

A cikin mota, yana jingine da ni, hannun yana yi masa zogi, sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Inna, ashe kin san sunana?"

Na ce, "Rufe mini baki, Malam." Na juya na kalli taga, don kada ya ga idona.

Hannun ya warke, tabon yana nan har yau, kuma ba ya ɓoye shi. Duk kaka, in an yi girbi, shi da kansa yake ɗaura damin gero a keke ya kai Birchi, ya zauna a ƙasa Audi yana gaya masa sunayen ciyayi da sawun dabbobi, shi kuma yana rubutawa. Bayan shekara guda baƙin nan sun dawo, a watan da Audi ya ce, suka yi zango a inda Audi ya nuna. Ban bi su ba, hankalina a kwance yake. Ni dai ba ni da abin da zan ce sai godiya ga Allah da ya bar mini ɗana, da godiya ga ƙanin mijina, wanda aka raina maganarsa, amma bai yi fushi ya koma gida ba, ya tsaya ya share wurin da za mu tsira.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake, kuma ina so yaran yanzu su riƙe shi. In za ka shiga wurin da ba ka sani ba, kada ka zaɓi masauki don kyaun inuwarsa, ka tambayi wanda ya taɓa kwana a can, ka kuma tambaye shi lokacin da ya dace. Karatu abu ne mai kyau, ni ma da tsufana na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa nake iya rubuta wannan. Amma takarda tana nuna inda ƙorama take, ba ta nuna ranar da wuta za ta zo. Wanda ya raina maganar na gaba don bai iya riƙe alƙalami ba, zai biya da fatar jikinsa, in Allah ya taƙaita. Kuma kai da aka raina, kada ka yi zuciya ka tafi. Ka share naka fakon, ka faɗaɗa shi yadda zai ɗauki har wanda ya raina ka.